Amana Ta Tafi da Bakinta a Kulle

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ta ƙi zama wuri ɗaya tun ranar da abin ya faru, Malam Ɗahiru Gabdo, mai shagon hoto na bakin kasuwar Mubi, yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa zama gaban kyamararsa ya ce a tsaya ya gyara hula, rasuwar Amana. Ga wanda bai san ta ba, Amana ita ce baƙar na'urar ajiyar nan mai girman tafin hannu, wadda masu gyaran kwamfuta ke kira estanal, wadda aka saba gani a kan teburin shagon, ɗan shuɗin idonta yana ƙiftawa. Ta rasu bayan gajeriyar jinya, a hannun mai ita.

Malam Ɗahiru yana neman afuwa kan jinkirin sanarwar. Maganar gaskiya, bai yarda da mutuwar da wuri ba. Ya jona ta, ya zare, ya hura bakin kebul, ya sake jonawa. Ya girgiza ta kusa da kunnensa kamar mai cinikin kwakwa. Da wani ya ce masa sanyi na farfaɗo da irinsu, sai ya ƙunshe ta a leda ya cusa cikin kular ƙanƙarar da matarsa Sadiya ke sayar da zoɓo, bai gaya wa kowa ba, har sai da wata mai saye ta ɗago ta tana tambaya ko sabon ɗanɗano ne. A nan ne ya haƙura.

Ba a san ainihin mahaifar marigayiya ba. Rubutun da ke bayanta ya ambaci wata ƙasa mai nisa, amma daga Kano aka ɗauko ta a shekarar 2013. Sanadin zuwanta kuwa wani kaki ne.

Tun zamanin da Mubi ke kwana ba fargaba, shagon yana da kayan aro na ɗaukar hoto: kwat, rigar digiri, hular kaboyi, sai kakin soja guda ɗaya da wani tela ya ɗinka, mai igiya uku a hannu, aljihun hagu ya fi na dama tsawo. Samarin Mubi sun so kakin nan. Ɗan tireda, ɗan acaɓa, mai wankin hula, kowa zai shigo ya saka, ya ɗaure fuska, ya rungumi bindigar katako, ya kai wa budurwa. Rabin auren unguwar nan kakin ne ya yi musu dalili. Sai zamani ya juya. 'Yan Boko Haram suka fara matsowa, labari ya riga su isowa cewa gidan da suka ga hoton kaki ba sa tsayawa tambayar ko na aro ne. Mata suka tura hotuna cikin murhu. Malam Ɗahiru ya ƙone kakin da hannunsa, bindigar katakon kuma ta dafa shayi. Amma fuskokin suna nan jibge cikin tsohuwar kwamfutar shagon, wadda ake kira Tsohuwa, kowa da sunansa da unguwarsa a ƙarƙashin hotonsa, domin Malam Ɗahiru mutum ne mai tsari, musamman a inda tsari ke iya kashe mutane.

Ya so ya goge su, yatsansa ya ƙi. Don haka ya sayo Amana, ya koyi yadda ake kulle na'ura ta yadda ko an sace ta ba abin da za a gani a ciki sai shirme, muddin ba a san kalmar sirri ba. Ya koya ne daga shafukan intanet, cikin Turancin da ya gane rabi ya kyautata wa sauran rabin zato. Tsarin shi ne, a cikin Tsohuwa akwai folda mai suna AMANA, wadda take kamar zaure. In an jona na'urar, aka ba ta kalmar sirri, sai zauren ya zarce cikin gidanta, duk abin da aka ajiye a nan ya wuce can. Ranar farko ya zaɓi kalma doguwa wadda ya tabbata ba mahaluƙin da zai iya cinkar ta. Ya buga, ƙofa ta buɗe. Ya gwada da hoto ɗaya, nasa, wanda Sadiya ta ɗauka ya ƙifta ido a daidai lokacin. Hoton ya shige lafiya.

Daga nan ya ɗauki ma'aikaci. A baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, ya harhaɗa 'yan layuka ya sa musu suna Maigadi. Aikin Maigadi shi ne, kullum in za a rufe shago, ya leƙa ya ga ko zauren AMANA na nan. In yana nan, ya kwashe hotuna ya kai. In babu, ya tsaya ya nemi kalmar sirri. Malam Ɗahiru har ladabi ya koya masa, shi ya sa kowace yamma rubutu ke fitowa a allo: Ƙofa a buɗe take, ranka ya daɗe. Kuma tun daga ranar Maigadi bai taɓa tambayarsa kalmar sirri ba, ko sau ɗaya. Malam Ɗahiru ya sha ba da wannan labari a teburin mai shayi. Yakan ce ko ƙarfe ya san mai gidansa.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri da riƙon sirri. Ba ta da surutu. In an jona ta takan ce "wuuuu" a hankali, sai ta biyo da "kirrr" guda ɗaya, kamar mai gyaran murya a bayan labule, shi ke nan. Duk tulin hotunan da ake ɗura mata ba ta taɓa nishi ba, jikinta bai taɓa zafi ba, ba ta taɓa cewa ta cika ba. Ta san wanda ya ari kwat ranar aurensa, ta san wadda aka rage wa ƙuraje, ta san ɗan tiredan da ya zama sajan soja na rabin sa'a, ba ta taɓa buɗe baki ga kowa ba. Wannan hali nata ya ɗore har ƙarshe, fiye ma da yadda aka so.

Ta ga tashin hankali a rayuwarta. Ranar da garin ya watse, a ƙarshen Oktoban 2014, Malam Ɗahiru ya bar kyamara, ya bar janareta, ya bar Tsohuwa a ƙarƙashin tebur, ya fizge Amana ya ɗaure ta a cikinsa da gyalen Sadiya. Sadiya ta ɗauki tukunya da bargo, ta dube shi ta dubi cikin nasa, ta ajiye maganar sai wani lokaci. Mahaifiyar Sadiya ce ta zama abin tunani, don ƙafafunta sun daɗe da yin ritaya. Ana cikin wannan sai ga Kwaji, ɗan acaɓa daga Muchalla, wanda ya saba ajiye mashin a inuwar shagon, wanda kuma kakin nan ya taɓa yi wa dalilin aure. Bai tsaya ciniki ba. Ya ɗora dattijuwar a baya, ya kai ta har gindin duwatsu bayan Gude, ya jira su suka iso a ƙafa. Sai ya juya kan mashin.

"Malam, bari in koma. Akwai wani mama a bakin mayo, wajen kogin nan, ba shi da kowa."

Ganin ƙarshe da aka yi masa ke nan.

Amana ta hau duwatsu a cikin Malam Ɗahiru. Ta ƙetare ruwa a saman kansa, yana kallon takalminsa na tafiya Kamaru kafin shi. Ta kwana a ƙarƙashin haƙarƙarinsa a ƙasar mutane, inda wasu suka ɗauka kuɗi ne, wasu suka ɗauka laya ce, shi kuwa yana jin kansa kamar wanda ya goyo rabin samarin Mubi. Da aka dawo aka tarar an ɓalle ƙofar shagon. An tafi da kyamara da janareta da allon kwamfuta, har labulen nan mai zanen bene da ake tsayawa a gabansa. Tsohuwa kaɗai aka bari, da ƙura da gizo-gizo, don ko mai kwasar ganima yana da ido. Ba a ga dalilin kunna ta ba, tunda an san Maigadi ya share ta tas. Sadiya ta kai ta gida ta mai da ita mazaunin kula.

Sai aka samo laftof na hannu, aka jona Amana, ta ce "wuuuu," ta ce "kirrr," ta nemi kalmar sirri. Malam Ɗahiru ya ɗora yatsunsa a kan madannai, yatsun suka tsaya suna jiransa. Sau ɗaya tak ya taɓa buga kalmar nan a duniya, bai kuma rubuta ta a ko'ina ba, domin shafukan intanet sun ce wawa ne ke rubutawa.

A wannan hali Margret ta same shi. Margret ita ce matar Kwaji. Ita ce ta ƙone hotunansa da hannunta a lokacin tsoro, da na kakin da na ranar aurensu, don a ranar ba ta tsaya tantancewa ba. 'Yarsu Dorcas tana goye a baya lokacin gudu. Yanzu ta yi baki, ta fara tambaya. Duk ranar kasuwa Margret takan sauko daga Muchalla da buhun gyaɗarta, in ta sayar ta zo ta zauna a bencin shagon, ta cire takalmi ɗaya.

"Malam Hoto, ya buɗe?" Margret ba ta taɓa yarda cewa Amana mace ce ba.

"Saura kaɗan, Maman Dorcas."

"Saura kaɗan ɗin nan ya girmi akuyana. Akuyan ma ya haihu."

"Ai aikin na'ura sai a hankali."

"Ni ba na son dukka, Malam. Ɗaya kawai. Ko wanda ya yi muni. Yarinya tana nuna kowane mai mashin a hanya, tana ce mini ko wannan ne."

Tun daga jin wannan magana zama ya gagari Malam Ɗahiru. Yana cikin ɗaukar fasfo sai wata kalma ta faɗo masa, ya bar mutum da murmushi a bushe ya ruga ya gwada. Ya gwada sunan mahaifiyarsa da na kakarsa. Ya gwada lambar tsohon mashin ɗinsa, gaba da baya. Ya gwada sunan makarantar da ta kore shi. Ya gwada da Hausa, ya gwada da Fulatanci, ya gwada da Turancin da bai iya rubutawa ba, ko Allah zai sa ya maimaita kuskuren. Ya taɓa katse alwala saboda wata kalma, ya dawo ya tarar ya manta ko ya wanke ƙafa. Wata rana Sadiya ta kawo masa abinci shago, ta tsaya a bayansa tana kallo.

"Malam, gwada sunan waccan da ta ƙi ka a casa'in da ɗaya."

"Wace?"

"Rumaisa mana. Ka daina yi kamar kana tunani. Ba zan yi fushi ba, Margret na jira."

Ya gwada. Rumaisa ta sake ƙin sa.

Haka aka ci shekara biyu da ɗoriya. Amana ba ta taɓa gajiya da cewa a'a ba, cikin ladabi take faɗa, kullum da lafazi ɗaya. Sai a watan da ya gabata muryarta ta sauya. "Kirrr" ɗin ya fara jan ƙafa, wani sabon sauti ya shigo bayansa. Aka garzaya da ita wurin Kabiru mai gyara, abokin Malam Ɗahiru tun suna yara. Kabiru ya kara ta a kunne, ya daɗe, ya ajiye ta a hankali fiye da yadda ya ɗauka.

"Ɗahiru, wannan ƙarar ba ta jinya ba ce."

"A kai ta Yola?"

"Ko Legas ka kai ta, za su buɗe ciki su tarar da makulli, su tambaye ka kalmar. Me za ka ce musu, Rumaisa?"

Ashe labari ya zaga gari.

An dawo da ita gida. Ranar Litinin da hantsi, Malam Ɗahiru yana riƙe da ita, ta ce "ƙas." Ta ɗan huta ta ce "ƙas, ƙas." Ɗan shuɗin idon ya ƙifta, bai sake ba.

Marigayiya ta bar kebul ɗaya mai lanƙwasa a wuya, da jakar leda da ta yi gudun hijira tare da ita. Ta bar Maigadi, wanda rabonsa da aiki tun ranar gudu. Ta bar laftof ɗin hannu, wanda shi ma yana kwance, haruffansa sun mutu ɗaya bayan ɗaya saboda dukan da suka sha wajen neman kalmar. Ta bar uwar goyonta Tsohuwa, wadda dole ta sa aka sauke mata kular zoɓo yau, aka kakkaɓe ta, Kabiru ya ba da aron allo, a kanta ake buga wannan sanarwa. Ta kuma bar Malam Ɗahiru, wanda ya tashi daga kujerar nan ya fi a ƙirga kafin a kawo wannan layi, ya leƙa titi, ya dawo, ya gyara benci, ya sake leƙawa.

Abin da yake leƙe a titi ba ɓoyayye ba ne. Har yanzu bai gaya wa Margret ba. In za a bi gaskiya, saboda mutum ɗaya ake buga wannan doguwar sanarwa. Za a manna ta a ƙofar shago kafin ranar kasuwa, domin Margret ta iya karatun Hausa sarai, a coci ta koya, kuma takarda ba ta da idon da za ta sunkuyar. Maman Dorcas, mutumin da ya ɗauki surukar Malam Ɗahiru a mashin bai nemi komai ba. Abu ɗaya iyalinsa suka nema, shi ma an kasa. A yi haƙuri.

Za a yi jana'iza ranar kasuwa bayan la'asar, a bayan shago, gindin dogon yaro. Liman ya ja kunne cewa kada wanda ya kuskura ya yi wa ƙarfe salla, don haka tsayuwa kawai za a yi. Gyalen da ta hau duwatsu a cikinsa shi ne likkafani, Sadiya ta yafe shi. Za a karɓi gaisuwa a teburin mai shayi, akwai kunu. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya zo da shawarar kalmar sirri.

Ƙari, wanda aka rubuta washegari.

Da aka gama buga abin da ke sama aka je adanawa, sai Tsohuwa ta buɗe wurin da aka saba ajiya, ta nuna zauren AMANA. Malam Ɗahiru ya danna shi don ban kwana kawai. Sai ga fuskoki sun cika allo, jere bayan jere, kowa da kaki, kowa da aljihun hagu mai tsawo. Ya tashi, ya fita titi, ya dawo, suna nan.

Abin da ya faru ba shi da wuyar faɗa. An ce wa Maigadi ya duba ko zaure na nan, ba a ce masa ya duba ko akwai gida a bayansa ba. Zaure kuwa kullum yana nan, ko an buɗe Amana ko ba a buɗe ba. Shi ya sa bai taɓa neman kalmar sirri ba. Kowace yamma yakan kwashe hotuna daga wannan kusurwa ta Tsohuwa ya jibge su a waccan, ya ce ranka ya daɗe. Duk makonnin da garin ke hannun 'yan Boko Haram, samarin Mubi suna zaune a shago mai ɓallalliyar ƙofa, da kakinsu da sunayensu da unguwanninsu, ba makulli ba sakata. Munin Tsohuwa ne kaɗai ya tsare su. Malam Ɗahiru ya yi wannan lissafi sau ɗaya, sai ya zauna a ƙasa.

An aika ɗan acaɓa Muchalla. Margret ta iso da Dorcas kafin azahar, ba ta ko cire takalmi ba. Aka miƙa mata hoton da ɗuminsa. Kwaji ne, ya ɗaure fuska iya ƙarfinsa, dariya na neman ƙwacewa ta gefen baki, bindigar katako a juye. Margret ta riƙe hoton da hannu biyu. Dorcas ta ja hannunta ƙasa, ta sa yatsa a kan igiyoyin nan uku.

"Mama, Baba soja ne?"

"Wane soja? Yankan kaza ma sai ya kira maƙwabci." Ta goge ido da bakin zane. "Ga kunnenki nan, duba. Malam Hoto, yi mini biyu. Ɗaya na bango, ɗaya na ɓoyewa, ba a sani ba."

Jana'iza tana nan yadda aka tsara, tunda an riga an jiƙa geron kunu. Ana dai sanar da masu zuwa cewa abin da marigayiya ta hau duwatsu da shi, ta ƙetare ruwa da shi, ta kuma tafi da shi kabari, hoto ɗaya ne, na gwaji, na Malam Ɗahiru, idonsa a rufe.